Daga Bill Russell zuwa Luka Dončić: tarihin musayar 'yan wasa a gidan Hawks

Mai bin ƙwallon ƙafa ya saba da cinikin kuɗi. Ƙungiya ta taya, ƙungiya ta sallama, ɗan wasa ya zauna da wakilinsa a daidaita albashi, in bai gamsu ba ciniki ya watse. A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: mutum da mutum, kwantiragi da kwantiragi. Ba a cika neman shawarar wanda ake musaya da shi ba. Zai kwana a gari ɗaya, waya ta tashe shi da asuba, a ce masa ya haɗa kayansa domin an bayar da shi. Akwai kuma haja ta biyu da ake sakawa a kan sikeli, wato gurbin zaɓe. Duk shekara ƙungiyoyi kan jeru su zaɓi matasan da ke shigowa gasar, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a sahun gaba, kuma wannan gurbi ana iya bayar da shi, ko na bana ko na shekaru masu zuwa. Saboda haka da zarar ciniki ya faɗa sai musu ya tashi, domin ba kuɗi aka ƙirga ba balle a ce ga farashi. Mutane biyu ne aka ajiye gefe da gefe, kowa kuma yana da idon gani.

In ana neman gidan da wannan al'ada ta fi yi wa tambari, ni dai Hawks nake nunawa. Sau biyu, shekara sittin da biyu tsakani, suna riƙe gwarzon zamani a hannu a ranar zaɓe, su miƙa shi ga wani kafin ya sa rigarsu.

Na farko ya faru ranar 30 ga Afrilun 1956. Gasar tana da ƙungiya takwas kacal a lokacin, Hawks kuma ba su daɗe da tarewa a St. Louis ba, bayan sun baro Milwaukee a 1955. Mai ƙungiyar, Ben Kerner, ɗan kasuwa ne da ya sha asara a garuruwa biyu, babban abin da ke ransa shi ne ya ga kujerun filinsa sun cika. Gurbi na biyu ne ya faɗo masa a wannan shekara. A Boston kuwa akwai Red Auerbach, kocin Celtics, wanda ya taɓa yi wa Kerner aiki a kakar 1949 zuwa 1950, ya ajiye aikin cikin fushi saboda Kerner ya musanya masa ɗan wasa ba da yardarsa ba. Sun san halin juna ke nan. Celtics ɗin Auerbach suna da Bob Cousy da Bill Sharman da Ed Macauley, suna zura maki kamar ba gobe, amma duk shekara sai a fitar da su a zagayen fitar da gwani, don ba su da wanda zai tsaya ƙarƙashin kwando ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga, ya kuma hana abokin hamayya kutsowa.

Mutumin da Auerbach yake so shi ne Bill Russell, ɗalibin Jami'ar San Francisco, wanda ya ci wa makarantarsa kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956. Rochester Royals, masu gurbi na ɗaya, suka tsallake shi suka ɗauki Sihugo Green. Kerner ya ɗauki Russell, ya kuma faɗi kuɗinsa: a ba shi Macauley. Da ya ga Boston ta amince, sai ya ƙara da cewa a haɗa masa da Cliff Hagan, wani matashi daga Kentucky da Celtics suka zaɓa tun 1953 amma aikin soja ya riƙe shi. Auerbach ya bayar da duka biyun.

Yau in aka ba da wannan labari sai a yi dariya, a ce an ƙwari Kerner. Ina ganin masu dariyar ba su tsaya sun duba abin da ke kan tebur a ranar ba. Macauley ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Shi ne gwarzon wasan taurari na farko da aka taɓa yi, a 1951, kuma sau shida ana zaɓensa cikin taurari yana Boston. Haifaffen St. Louis ne, a jami'ar garin ya yi suna, sunansa kaɗai ya isa ya sayar da tikiti. Shi kansa yana son komawa gida, domin ƙaramin ɗansa ya kamu da sanƙarau, iyalin suna buƙatar zama kusa da dangi da likitocin da suka sani. Russell kuwa bai iya jefa ƙwallo daga nesa ba, ana raɗe-raɗin zai nemi albashi mai tsada ko ya bi Harlem Globetrotters, kuma an san ba zai zo ba sai ya gama wasannin Olamfik na Melbourne, can cikin Disamba, bayan kaka ta yi nisa. Ga mai neman cika fili a daren Asabar, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa da ƙarfi a lokacin. St. Louis ce gari mafi kusa da kudancin Amurka a cikin garuruwan gasar, wariyar launin fata kuma tana da ƙarfi a can. Russell baƙar fata ne, kuma ba mai sunkuyar da kai ba. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da St. Louis ta riƙe shi da bai shiga gasar ba. Boston ita ce ƙungiyar da ta fara zaɓen baƙar fata, Chuck Cooper, a 1950, ko da yake garin Boston ɗin ma bai raga wa Russell ba, har gidansa aka fasa aka yi masa ɓarna da wulaƙanci yana tsakiyar kawo musu kofuna. Duk wanda zai auna wannan ciniki ya tsallake batun launi, ya bar rabin lissafin a waje. Mai yiwuwa abin da Kerner ya bayar abu ne da ba zai iya riƙewa ba tun farko.

Filin wasa bai ɓata lokaci ba wajen haɗa su. A 1957 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a zagayen ƙarshe, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai yake ɗaukar kofi. Sai da aka kai wasa na bakwai, aka yi ƙarin lokaci sau biyu, Boston ta tsira da 125 da 123. Russell ya cafe ƙwallo 32 a daren. A daƙiƙar ƙarshe Alex Hannum, wanda shi ne kocin Hawks kuma ɗan wasa, ya wurga ƙwallo daga wancan ƙarshen fili ta bugi allon kwando ta dawo hannun Bob Pettit kamar yadda suka tsara, Pettit ya jefa, ta yi rawa a bakin kwando ta faɗo waje. Shekara ta zagayo suka sake haɗuwa. Russell ya gurɗe a idon sawu a wasa na uku, Pettit ya zura maki 50 a wasa na shida, Hawks suka ci 110 da 109 suka ɗaga kofi. Hagan yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan tafiya, Macauley ma yana ciki. Ana kuma lissafa wannan ƙungiya a matsayin ta ƙarshe da ta ci kofin NBA ba tare da baƙar fata ko ɗaya ba.

Da an rufe littafi a watan Afrilun 1958, da an ce kunnen doki aka yi: kofi ɗaya nan, kofi ɗaya can, Hawks kuma sun samu mutum biyu a madadin ɗaya. Amma Macauley ya ajiye wasa a 1959 ya koma horarwa, kuma yana kan kujerar koci Boston ta doke Hawks a wasa na bakwai a 1960. Suka sake dukansu a 1961, wannan karon cikin wasa biyar. Russell ya yi kaka goma sha uku ya ci kofi goma sha ɗaya, takwas daga ciki a jere, daga 1959 zuwa 1966, biyun ƙarshe kuma yana ɗan wasa yana koci. Hawks suka koma Atlanta a 1968, kuma har yau kofin 1958 shi ne kaɗai a ɗakinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa takardar alƙaluma ta zamanin ba ta da gurbin rubuta babban aikin Russell. Matsakaicin makinsa a duk rayuwar wasansa bai wuce 15 da ɗan ɗoriya ba, Macauley ya fi shi a wannan fanni. Make ƙwallo a sama kafin ta isa kwando, wanda shi ne sana'ar Russell, ba a fara ƙirga shi ba sai kakar 1973 zuwa 1974, shekara huɗu bayan ya yi ritaya. Tsoron da yake sa wa masu kutsowa har su fasa jifa kuwa, har yau babu mai ƙirga shi daidai. Auerbach ya sayi abin da babu ma'auninsa a kasuwa, shi ya sa na fi ba shi yabo a kan in ɗora wa Kerner laifi. Dukan mutanen ukun, Russell da Macauley da Hagan, sun shiga zauren girmamawa na ƙwallon kwando.

Tsakanin wancan zamani da namu dokokin kasuwar sun sauya. Ƙarar da Oscar Robertson ya shigar a madadin 'yan wasa a 1970, wadda aka sasanta a 1976, ta buɗe ƙofar da ɗan wasa zai iya tafiya inda yake so idan kwantiraginsa ya ƙare. A 1984 aka sa wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashi, sai ya zama dole albashin waɗanda ake musaya ya yi kusa da juna a mafi yawan ciniki. A 1985 aka shigo da ƙuri'a wajen raba guraben farko, don kada ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan. Tun daga nan darajar ɗan wasa ta haɗa da shekarunsa, da kuɗin da yake ci, da shekarun da suka rage a takardarsa. Hawks sun ɗanɗana zaƙi da ɗaci a wannan tsakani. A 1982 suka karɓo Dominique Wilkins daga Utah, wadda talauci ya dama, suka ba da John Drew da Freeman Williams da tsabar kuɗi, wannan kam riba ce tsagwaronta. A 1994 suka ba da Wilkins ɗin suka karɓi Danny Manning, wanda ya yi 'yan watanni ya kama gabansa zuwa Phoenix. A 2001 suka zaɓi Pau Gasol a gurbi na uku suka tura shi Grizzlies don Shareef Abdur-Rahim, Gasol ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, daga baya ya ci kofi biyu da Lakers.

Sai daren 21 ga Yunin 2018. Phoenix ta ɗauki Deandre Ayton. Sacramento ta ɗauki Marvin Bagley, kuma wanda ya yanke wannan shawara shi ne Vlade Divac, mutumin da Lakers suka bayar a 1996 suka karɓi wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Kobe Bryant. In akwai wanda ya kamata ya san zafin a riƙa ambaton sunansa a gefen da ya faɗi, shi ne, amma ya tsallake Luka Dončić. Atlanta na gurbi na uku, Dallas na biyar. Atlanta ta kira sunan Luka, Dallas ta kira Trae Young, aka yi musayar huluna, Dallas ta ɗora gurbinta na shekara mai zuwa a matsayin gyara. Da wannan gurbi Atlanta ta ɗauki Cam Reddish a 2019, wanda bai kai ƙarshen kaka ta uku a gidan ba aka tura shi New York.

Nan ne uzurin da na yi wa Kerner ba zai yi wa Travis Schlenk, manajan Hawks na lokacin, aiki sosai ba. Luka ɗan Sloveniya ne mai shekara 19, amma wata ɗaya kafin zaɓen ya ci kofin EuroLeague da Real Madrid, aka ba shi gwarzon gasar, a tsakiyar manyan mutane masu iyali. Watanni kafin nan ya ci kofin Turai da ƙasarsa. Shaida a fili take. Abin da ya rage masa kuɗi a idon wasu shi ne tsohon zaton cewa ɗan Turai ba shi da sauri, ba zai jure gudun Amurka ba. Trae kuwa ya yi abin da ba a taɓa yi ba a jami'a, ya fi kowa maki ya kuma fi kowa miƙa ƙwallon da aka ci a kaka ɗaya yana Oklahoma, yana jifa daga nisan da mutane kan riƙe baki. Schlenk daga Golden State ya zo, ya ga yadda aka gina daula a kan Stephen Curry, kuma ba shi kaɗai ba ne ya ga kamannin. Lissafinsa shi ne mutum biyu sun fi ɗaya, lissafin da aka yi a gidan a 1956.

A nan ma sikelin ya yi ta rawa. Luka ya ci kyautar gwarzon sababbi a 2019, Trae ya zo na biyu. Amma a 2021 Trae ne ya fara nisa: ya fitar da New York, har ya rusuna wa 'yan kallon Madison Square Garden da suka kwana suna zaginsa, ya fitar da Philadelphia a wasa na bakwai a gidansu, ya zura wa Milwaukee maki 48 a wasan farko na ƙarshen yankin gabas. Ya taka ƙafar alƙalin wasa a wasa na uku ya ji rauni, Milwaukee ta wuce cikin wasa shida. A lokacin Luka bai taɓa tsallake zagaye ko ɗaya ba, Clippers sun fitar da shi shekara biyu a jere. A wannan damina na sha jin masu cewa ciniki ne da kowa ya ci riba, kuma ba su yi ƙarya ba a kan abin da ido ya gani zuwa ranar.

Daga nan tazarar ta buɗe. Luka ya kai Dallas ƙarshen yankin yamma a 2022, ya kai su zagayen ƙarshe a 2024, inda Boston ta doke su huɗu da ɗaya. Shekara biyar a jere, daga 2020 zuwa 2024, yana cikin zaratan biyar na farko na gasar baki ɗaya, matsayin da Trae bai taɓa hawa ba. Ranar 26 ga Janairun 2024 ya je Atlanta ya zura maki 73 a gaban mutanen da suka bayar da shi. Trae gwani ne, sau huɗu yana cikin taurari zuwa 2025, kuma shi ya fi kowa miƙa ƙwallo a kakar 2024 zuwa 2025. Matsalarsa jiki ne. Tsayinsa ƙafa shida da inci ɗaya, a zagayen fitar da gwani kuwa abokan hamayya kan neme shi su riƙa kai hari ta wajensa har sai koci ya rasa inda zai ɓoye shi. Luka ma ba a yaba tsaronsa, amma mai ƙafa shida da inci bakwai da faɗin ƙirji ba a tura shi gefe haka nan. A wurina Dallas ta ci wannan ciniki, kuma ba da ƙaramin rata ba.

Wata guda bayan wancan daren zaɓe na 2018 wani ya yi nasa cinikin da ke rikita duk wannan awo. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma yake shugabantar Toronto Raptors a lokacin, ya ba da DeMar DeRozan, wanda ya yi shekara tara a gidan kuma yake son ya ƙare rayuwar wasansa a can, ya karɓi Kawhi Leonard daga San Antonio. Kawhi wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata, shekara ɗaya ta rage a takardarsa, kuma kowa ya san hankalinsa na Los Angeles. Ya zo, ya ci wa Toronto kofinta na farko a 2019, ya tafi. DeRozan ya yi wa San Antonio kaka uku yana ba da maki. In da yawan wasa ake awo, San Antonio ta fi morewa, amma ban taɓa jin ɗan Toronto da ya nemi a maido masa cinikin ba. Dallas kuwa ta riƙe Luka shekara shida da rabi, kofi bai shigo ba.

A daren 1 ga Fabrairun 2025, wayewar garin Lahadi a wajenmu, labari ya fito cewa Dallas ta ba Lakers Luka ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da gurbin zaɓe na 2029. Mutane da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya fitar da labarin kutse ne a shafinsa. Luka na da shekara 25, Davis na da 31 da tarihin raunuka. Babban manajan Dallas, Nico Harrison, ya ce tsaro ne ke kawo kofi, maganar da Auerbach zai yarda da ita, sai dai Auerbach ya ba da mai shekara 28 ne ya karɓi mai 22. Ana kuma ta maganar nauyin jikin Luka da kwantiragin dala miliyan 345 da ya cancanci nema a bazarar da ke tafe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a kai hajar kasuwa ba. Da Lakers kaɗai aka yi magana a ɓoye, alhali da an yi shela da kusan kowace ƙungiya ta zo da abin da ta mallaka. Kerner ya san Auerbach na so, ya ƙara kuɗi. Schlenk ya karɓi gyara. Harrison yana riƙe da abin da kowa ya ga darajarsa da idonsa, ya sallama wa mai taya ɗaya tak.

Davis ya ji rauni a tsokar cinya a wasansa na farko da rigar Dallas. Magoya baya suka kai akwatin gawa ƙofar filin wasa. Da Luka ya dawo garin a watan Afrilu da rigar Lakers, ya zauna yana hawaye lokacin da ake nuna hotunan shekarunsa a allo, ya tashi ya zura musu maki 45. Sai kuma ƙuri'a ta yi abin da ta saba: Dallas, da damarta ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, ta samu gurbi na ɗaya a watan Mayu ta ɗauki Cooper Flagg. Wannan bai ceci Harrison ba, an sallame shi a Nuwamban 2025. Gurbin 2029 kuwa ba a yi zaɓe da shi ba tukuna, kuma mai yiwuwa yaron da za a kira sunansa da shi bai fi shekara goma sha biyar ba a ranar da aka yi cinikin.